Tambaya da Amsa: Fim ɗin Cuties, tsakanin masu yabo da masu tsinuwa

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ina son bayani akan fim ɗin nan na Faransa da ake cewa Cuties. Ƙanwata tace wai masu sharhin fina-finai sun yabe shi har kyaututtuka ya ci, ni kuma duk inda na ga maganarsa a Facebook zagi ne da Allah wadai. Ni uwa ce mai yara mata, waye ke da gaskiya a cikinsu? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Ƙanwarki bata faɗi ƙarya ba, ke ma abinda kika gani haka yake, fim ɗin ne ya raba kan mutane gida biyu. Sunansa na asali Mignonnes, wadda ta rubuta ta bada umarni Maïmouna Doucouré ce, haifaffiyar Paris, iyayenta 'yan Senegal. Labarin wata yarinya ce Amy mai shekara 11 da ke zaune da uwarta da ƙannenta a wata unguwar talakawa a Paris, ubanta ya tafi Senegal zai dawo da amarya, ita kuma ta faɗa cikin wasu 'yan makarantarsu masu ƙungiyar rawa, suna kwaikwayon irin rawar da suke gani a waya wadda sam bata dace da shekarunsu ba.

A watan Janairun 2020 aka fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance a Amurka, Doucouré ta ci kyautar bada umarni, a Berlin ma an yaba. Ranar 19 ga Agusta ya shiga silima a Faransa lafiya lau ba wani tashin hankali. Rigimar daga hoton talla ta faro. Na Faransa yaran ne suke gudu akan titi riƙe da jakunkunan sayayya suna dariya, Netflix kuma da ta sayi fim ɗin sai ta ɗauko hotonsu a kayan rawa a dandamali cikin yanayin da wallahi duk mai ɗa ya gani sai ransa ya ɓaci, ta maida shi talla. Ranar 20 ga Agusta kamfanin ya bada haƙuri ya cire hoton, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da fim ɗin ya hau Netflix ranar 9 ga Satumba sai aka fara kamfen ɗin #CancelNetflix, ɗaruruwan dubban mutane suka sa hannu a takardar ƙorafi, Sanata Ted Cruz ya rubuta wa ma'aikatar shari'a ta Amurka yana neman a bincika, Turkiyya ta hana nuna shi, ita kuma Doucouré har barazanar kisa aka riƙa turo mata alhali ba ita ta zaɓi hoton ba. A shafin Rotten Tomatoes mai tattara ra'ayoyi akan fina-finai, masu sharhi sama da kashi 80 cikin 100 sun yaba, 'yan kallo kuma ko kashi 20 basu kai ba, kuma da yawansu tun kafin fim ɗin ya fito suka yanke hukunci.

To ga nawa ra'ayin. Niyyar matar nan ban yi shakkarta ba. Ita da kanta ta faɗa cewa a wani taron unguwa a Paris ta ga ƙananan yara suna irin wannan rawa manya na zaune suna kallo, abin ya dameta, ta shafe sama da shekara tana hira da yara mata fiye da 100 kafin ta rubuta labarin. Kuma fim ɗin bai nuna rawar a matsayin abin birgewa ba, a gasar ƙarshe ana nuna iyaye a cikin 'yan kallo suna kau da kai, ita Amy tana tsakiyar rawar hawaye ya zubo mata ta gudu gida wajen uwarta. Wanda ya kalla har ƙarshe ya san saƙon gargaɗi ne.

Amma Hajiya kyakkyawar niyya bata wanke komai ba, kuma nan ne masu sharhi da yawa suka bani haushi, don sun ɗauki duk mai ƙorafi a matsayin jahili ko ɗan siyasar Amurka mai neman ƙuri'a a shekarar zaɓe. Yaran da suka yi wasan nan yara ne na gaske, ba zane bane, ba manya bane aka yi musu shigar yara, kyamara kuma ta daɗe a jikinsu fiye da yadda labarin ke buƙata. An ce akwai likitar halayyar yara tare da su wajen ɗauka, iyayensu sun amince, na yarda, amma da zarar abu ya hau intanet ai ya fita daga hannun mai shi, an yanko waɗannan wuraren ana yaɗawa babu farkon labari babu ƙarshe, kuma ba kowa ke kallo da zuciyar darakta ba. Da fuskokin manya masu kallo kawai aka nuna da saƙon ya isa. Don haka uwar da ta ji tsigar jikinta ta tashi tana da hujja, wanda ya yi wa baiwar Allah nan barazanar kisa kuma bashi da ko ɗaya.

Tambaya: Anti naji ance fim ɗin cin mutuncin Musulunci ne, ya nuna gidan Musulmi kamar kurkuku. Haka ne? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ɗan uwa wannan ƙorafin an yi shi, kuma na fahimci daga inda ya fito, don fina-finan Faransa sun saba nuna yarinya Musulma a matsayin wadda sai ta gudu daga gida zata numfasa. Akwai wuraren da zasu sosa maka rai, kamar inda Amy ke kallon bidiyon rawa a waya ƙarƙashin mayafinta mata na tsaka da addu'a. Amma adalci shine a faɗi sauran. Wuri mafi taɓa zuciya a fim ɗin gaba ɗaya shine inda yarinyar ta ɓoye ƙarƙashin gado, ƙafafun uwarta kawai take gani, uwar na kiran dangi a waya tana sanar da auren mijinta da murya ta farin ciki, tana ajiye wayar sai kuka. Babu wanda aka zaga anan, ciwon mace ne da yadda yaro ke ɗaukar abinda manya suka zata bai gani ba. Doucouré ta girma a gida mai kishiya, gajeren fim ɗinta Maman(s) wanda ya ci César, babbar kyautar fina-finan Faransa, a 2017 shima akan haka ne. Malamin da aka kira ya duba Amy ma ba mugu aka nuna shi ba, cewa yayi babu wani aljani a jikin yarinyar. Sannan ɓangaren Turawan ma bai sha ba, 'yancin da Amy ta zata ta samu a waya shi ya kusa halakata, a ƙarshe ta ajiye kayan bikin ta ajiye kayan rawar ta fita tsallen igiya da yara sa'anninta. Gwaggon da ke cikin fim ɗin Mbissine Thérèse Diop ce ta fito, wadda ta ja fim ɗin fitaccen daraktan Senegal Ousmane Sembène na 1966, wannan ma hayaniya ta sa ba a ko kula ba.

Tambaya: Ya aka ƙare da ƙarar da aka kai Netflix? Kuma kina bada shawarar a kalla?

Amsa: A Satumbar 2020 aka tuhumi kamfanin akan fim ɗin a ƙaramar hukumar Tyler ta jihar Texas a Amurka, shari'ar ta yi ta jan ƙafa har kotun tarayya ta dakatar da mai gabatar da ƙarar daga ci gaba da shari'ar, a Disambar 2023 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da dakatarwar. A Faransa kuwa ministar al'adu Roselyne Bachelot ta kare fim ɗin, Fathia Youssouf da ta fito a Amy ta ci César a 2021. Batun kallo, yara dai a'a ko kusa, Netflix kanta na manya ta sa masa, babba ma ni ba zan tura shi ba.