Ba 'yancin Sardauna ya ƙi ba, ranar ce bai yarda da ita ba

Ɗana, ka tambaya ko gaskiya ne Sardauna ya ƙi 'yancin kai a 1953 don yana son Turawa su ci gaba da zama, kamar yadda abokan karatunka suke faɗa maka. Ni haifaffen Sakkwato ne, ina elemantare aka sauke tutar Ingila, mahaifina kuma, Allah ya jiƙansa, malamin haraji ne a En'e. Wannan magana a zaurenmu na fara jin ta.

Ga abin da ya faru. A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro na jam'iyyar Awolowo ya kawo ƙudiri a majalisa a Ikko, cewa a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardauna ya ce a cire shekarar, a sa "da zarar hali ya yi". Wakilan Kudu suka fice, jama'ar Ikko suka bi wakilanmu da ihu da zagi. Zafin abin ne ya haifar da rikicin Kano a watan Mayun shekarar.

To me ya sa ya ce a dakata? Ka tambayi duk dattijon da ya san gidan waya ko ofishin reluwe na wancan zamani, wa ke zaune a kan teburin akawu? Makarantun mishan sun daɗe a Kudu kafin a buɗe Kwalejin Katsina a 1922, ita kuwa 'yan kaɗan take ɗauka. Baba yakan ce duk Lardin Sakkwato, da faɗinsa har Gusau da Argungu da Yawuri, waɗanda suka wuce midil a zamaninsa sun san juna da suna. Da Turawa sun tafi a 1956, likita da injiniya da babban akawu da Di'o duk daga wani wuri za a kawo mana su. A guje wa gara a faɗa wa zago ke nan. Wannan ne tsoron Sardauna, kuma ni har gobe ina ganin tsoron yana da tushe.

Abin da ya fi tabbatar mini shi ne ranar da aka zaɓa. Yamma da Gabas sun karɓi mulkin kansu a 1957, Arewa ta jira har 15 ga Maris 1959. Duk Basakkwace ya san 15 ga Maris. Ran nan ne a 1903 sojojin Lugga, shugaban Turawan mulkin mallaka a Arewa, suka ci Sakkwato a filin Giginya, Sarkin Musulmi Attahiru ya kama hanyar gabas da jama'arsa, ya yi shahada a Burmi cikin Yulin shekarar. Kakata tana yarinya aka yi abin, har ta rasu ba ta iya ba da labarin gudun da suka yi ba tare da ta share hawaye ba. Sardauna jinin Shehu da Bello ne, shi da aka haifa a Rabah shekaru kaɗan bayan wannan yaƙi, ya ajiye ranar a zuciyarsa, bayan shekara 56 ya karɓi mulki a cikinta. Mai son zaman Nasara ba ya yin haka.

Amma ba zan ɓoye maka ɗaya ɓangaren ba. Baffana tela ne, ɗan NEPU na gaske, mabiyin Malam Aminu Kano. Shi cewa yake talaka ba Razdan yake gani ba, hakimi da dogari da mai karɓar jangali yake gani, in Bature ya tafi aka bar waɗannan yadda suke, to wa aka 'yanta? Sukan yi musu da Baba har a kira sallar isha'i. Da na girma na gane shi ma yana da gaskiyarsa. Ko zaɓen 1959, matan Arewa ba su jefa ƙuri'a ba.

Ka kuma tuna ba Najeriya kaɗai ba ce. Bayan yaƙin Hitila Ingila da Faransa sun gaji, Indiya ta tafi a 1947, Gana a 1957, a 1960 kaɗai ƙasashen Afirka 17 suka samu 'yanci. Danginmu na Ƙonni a Nijar sun riga mu da wata biyu, ranar 3 ga Agusta. Kowa ya san Bature zai tafi, gardamar ita ce wa zai hau kujerarsa.

Shekarun jiran kuwa ba a zaune aka yi su ba. An yi ta kwasar samari ana kai su makarantar koyon mulki ta Kongo a Zariya, wasu aka tura su Ingila. Yayana yana cikinsu. Bayan 1 ga Oktoba 1960 ya dawo gida hutu a matsayin mataimakin Di'o. Baba, wanda ya shekara ashirin yana tuɓe takalmi kafin ya shiga ofishin Bature, ya sa aka kira Baffa daga shagonsa ya zo ya gan shi. Baffa ya riƙe hannun yaron ya daɗe bai sake ba, sannan ya ce masa in talaka ya zo ofishinka, ka ba shi kujera.