Ga mai neman bindigogin fim ɗin Yaƙin Bama

Wa alaikumus salam. Ƙanena, da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru, don kamar ni ne shekara uku da suka wuce. Ka ce darakta ya ɗora maka haɗa kayan fim ɗin sojojinmu na Yaƙin Bama, ka ga bindigogin eyasof masu harba 'ya'yan roba a intanet, kana so ka ji ko suna kama da na gaske har su ci kuɗinsu. Kama kam suna yi. Wannan kamar ce ma ta kusa kwanar da ni a gidan yarin Kurmawa.

Amma tukuna, hoton da ka saka MP40 ce, bindigar Jamusawa. Kakanninmu da aka kwasa cikin runduna ta 81 da ta 82 ba Jamusawa suka tarar a Arakan da kwarin Kaladan ba, Japanawa ne, kuma kayan Ingila ne a hannunsu. Yawancinsu Lee-Enfield suka rataya, doguwar nan mai jikin katako da ke cin harsashi 10, wadda sai ka ja ƙarfen gefe ka ɗana bayan kowane harbi. Sai Bren, mai ƙafa biyu, gidan harsashinta a lanƙwashe a sama. Sai Sten, wadda nata gidan harsashin ya fito ta gefen hagu. In akwai Japanawa a labarin, Arisaka ce tasu. Kuma don Allah kada wani ya cusa muku AK, yaƙin ya ƙare a 1945, ita kuwa 47 ɗin da ke sunanta shekarar ƙirarta ce. Na taɓa ganin an yi haka a wani lokeshin, na yi magana aka ce wa zai lura. 'Ya'yan mazan jiya na nan da ransu, za su lura.

Ni abin da ya faru da ni, furodusa ne ya haɗa ni da wani dillali, wai yana shigo da kaya. Na ce masa Thompson biyu, ita ma bindigar zamanin ce, da Sten biyu. Wata biyu ina bin sa, yau kaya na jirgi, gobe kaya na Legas. Da suka iso, Thompson ɗin katakonta roba ce aka yi wa zane, kana ƙwanƙwasawa ka ji kamar bokiti. Sten ɗin kuwa an rubuta ƙarfe zalla a kwali, ashe irin gaurayen tutiyar nan ne mai gautsi. Rana ta biyu wani yaro ya faɗi da ita a kan dutse, kan ya ɓalle fal, ciki fari-fari kamar alli. Na kai wa mai walda a Ƙofar Ruwa, ya juya ta ya ce Malam wannan ba ta cin walda, narkewa za ta yi. Dillalin ya ce ai ba don faɗuwa aka yi ta ba. A fim ɗin yaƙi fa!

Duk wannan mai sauƙi ne. Suna zuwa da jan baki, launin lemo, alamar da dokar Amurka ta sa a riƙa yi wa bindigar wasa. Ni da hannuna na sa baƙin fenti na shafe, saboda kyamara. Mun tashi daga wajen Tiga bayan isha'i, ni da direba kaɗai, kaya a but cikin buhu. Kafin mu shigo gari muka tarar da shinge. Aka ce buɗe but. Wallahi har yau ina jin ƙarar da buhun ya yi da jami'in ya taɓa shi da ƙafa. Ya haska tocila, ya ja da baya, sai kawai na ji ana ɗana bindigogi, na gaske wannan karon. Aka kwantar da mu rub da ciki a kan tsakuwa. Ina ta cewa na fim ne, na roba ne, bakina cike da ƙasa. Direban nan dattijo ne, ya haife ni, kuka yake yana kalmar shahada. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan, a halin da ƙasar nan ke ciki ni ma da na ga buhun nan da dare abin da zan yi ke nan.

Wanda na ga laifinsa furodusa ne. Shi ya ce min takardar izini na wurinsa, in wuce kawai. Aka ba ni dama in kira shi, ta shiga sau biyu, na uku a kashe. Mutumin da muka ci tuwo kwano ɗaya da rana! Kwana biyu na yi a tsare, matata da tsohon ciki, mahaifiyata sai ƙarya aka yi mata wai aiki ne ya riƙe ni. Dattawan sana'ar nan ne suka tashi tsaye, suka kai labarin fim ɗin da hotunan lokeshin, sannan aka sake mu. Da na fito ya zo yana min dariya wai network ne. Har gobe ragowar kuɗina na wurinsa, na bar shi da Allah. Muna haɗuwa a Zoo Road ya miƙo hannu, in ba shi, amma shi ke nan.

To, kada ka taɓa saka ko da ta katako a mota sai takardar 'yan sanda na aljihunka, kai ɗinka, ba aljihun furodusa ba, da shaidar rajistar aikin daga hukumar tace fina-finai. Ka sanar da ofishin yankin da za ku yi ɗauka, ka gaida mai unguwa. Kuma da rana za ka yi tafiya.

Kan ƙirar kuwa, Japan ce tushen eyasof ɗin nan, kuma don wasa aka yi su, shi ya sa masu batir ke da gidan harsashi mai cin ɗaruruwan 'ya'ya, kana girgizawa yana kacau-kacau, makirfo na ɗauka. Masu gas sun fi motsi irin na gaske, amma zafin Kano na watan Afrilu yana ƙara wa gas ɗin ƙarfi, robobin ciki su fara yoyo, ƙurar hunturu kuma ta shige ko'ina. Sannan 'yar robar nan milimita 6 ce kacal amma tana fasa ido. Na hana a loda su a wajen aikina tun ranar da wani ya harbi abokinsa a kunci wai wasa.

Abin da ya fi tona asirin bindigar ƙarya a kyamara nauyi ne. Lee-Enfield ta kai kilo 4, Bren ta kai kilo 10. Ka ba ɗan wasa ta roba ka ga yana wulwula ta da hannu ɗaya kamar rake, nan take mai kallo ya gane. Yanzu ni guda ɗaya mai kyau nake nema don ɗauka ta kusa, sauran in kai wa kafinta hoto da awo, mu sayi katako mai nauyi a Na'ibawa, a sassaƙa, a saka rodi a ciki, a goge da baƙin mai da ƙasa har ta tsufa. Daga taku goma babu mai bambancewa. Ka ƙara da maɗaurin kafaɗa na zane mai kauri, kada ka sa na leda mai ƙyalli.

Guda huɗu na nan a sitona cikin waɗanda muka sassaƙa, ɗaya gindinta ya tsage. In kana so ka leƙo ranar Asabar bayan la'asar ka gani, ka taho da gam. Amma ba za su fita daga ƙofar ba sai na ga takardar da idona.