Me Ya Kai Faransanci Kanada?

Tambaya: Malam, na ji a Kanada ma ana jin Faransanci. Su ma Faransa ta mulke su ne kamar yadda ta mulki Nijar? Daga wani mai karatu a Maradi.

Amsa: Ta mulke su, sai dai ba irin na Nijar ba. A Nijar Faransawa kaɗan ne suka zo suka ɗora wa jama'a harshensu ta makaranta da ofis. A Kanada kuwa su da kansu suka yi ƙaura, suka yi noma, suka hayayyafa. Yawancin masu Faransanci a lardin Kebek yau jikokinsu ne.

Jacques Cartier, wani matuƙin jirgin ruwa na Faransa, ya isa yankin a 1534, amma zama bai kankama ba sai da Samuel de Champlain ya kafa garin Kebek a 1608 a bakin kogin San Loran. Abin da ya ja su shi ne fatar wata dabbar ruwa da ake yin huluna da gashinta a Turai, wadda suke saye daga ƴan asalin ƙasar. Maza suka yi yawa, mata babu. Sai Sarki Louis na 14 ya tura ƴan mata kusan 800 tsakanin 1663 da 1673, ya biya musu kuɗin jirgi domin su je su yi aure. A ganina a nan harshen ya kafu, domin yaro a bakin uwarsa yake koyon magana.

A 1759 Ingila ta ci Kebek da yaƙi, a 1763 Faransa ta sallama mata ƙasar. To me ya hana harshen mutuwa? Tsoro ne ya kama Ingila: mutanenta na Amurka sun fara tayar da kayar baya, ba ta son Faransawan su bi sahunsu. Shi ya sa a 1774 ta bar musu addininsu na Katolika da dokokinsu na gado da filaye. Coci ta riƙe makarantu, iyalai kuma suka yi ta haihuwa.

Ƴan'uwansu na Akadiya, wani yanki a bakin teku a gabashin Kanada, ba su sami wannan sassauci ba. Tun 1755 Ingila ta fara lodinsu a jiragen ruwa tana watsa su, zalunci ne tsagwaronsa. Wasu daga baya suka sauka Luwiziyana a Amurka.

Sai a 1969 Kanada ta daidaita Faransanci da Ingilishi a hukumance, a 1977 kuma Kebek ta yi Doka ta 101, wadda ta wajabta wa ƴaƴan baƙi karatu da Faransanci a makarantun gwamnati.