Likita, Me Ya Haɗa Al'ada da Bayan Gida?

Tambaya: Likita, duk wata in al'adata ta kusa sai in yi kwana uku ban kewaya ba, ciki ya kumbura har siket ya ƙi shiga. Lafiya kuwa? Wata ɗaliba daga Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Bayan ƙwai ya fita, wajen rana ta 14 ga mai zagayen kwana 28, sinadarin furojestaron yakan ƙaru a jini. Mahaifa aka aike shi ya shirya wa ɗaukar ciki, amma har naman hanji yakan sassauta, sai tafiyar abinci ta yi nawa. Bayan gida kuwa in ya daɗe a babban hanji, ruwan jikinsa ake tsotsewa, ya fito da tauri. A satin da al'ada ta kusa ki yawaita ruwa, wake, zogale da gwanda, ki rage biredi da taliya, ki riƙa ɗan tattaki. Kanwa dai ki bar ta a miya, ba magani ba ce.

Tambaya: Ni kuma gudawa nake yi ranar da jini ya zo, da murɗawar mara. Kishiyata ta ce sanyi ne. Wata uwargida daga Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ba sanyi ba ne. Lokacin da jini zai sauko, mahaifa tana fitar da sinadarin furostagilandin don ta matse kanta. In ya yi yawa sai ya taɓa hanji, tunda maƙwabta ne, shi ma ya kama matsewa. Kwana ɗaya zuwa biyu yake lafawa. Ibuprofen, maganin rage zafin ciwo, yana rage wannan sinadari, amma bayan cin abinci ake sha, mai gyambon ciki kuma kada ta kusance shi.

Tambaya: Ina jin zafi kamar yanka in ina bayan gida lokacin al'ada, wani sa'in har da jini ta dubura.

Amsa: Wannan kam ba na jira ba ne. Yana iya zama basir, amma zafin da ke bin al'ada duk wata yana sa mu zargi ciwon endometiriyosis, wato nama irin na cikin mahaifa ya tsiro a wajenta, har a jikin hanji. Ki rubuta ranakun da yake taso miki, ki je wa likitan mata da takardar a wannan makon.