Amsa: Me ministan kuɗi ke zuwa yi a tarukan Asusun Ba da Lamuni na Duniya (IMF) da Bankin Duniya?

Malam, ka tambaya ko tafiye-tafiyen ministan kuɗin Najeriya zuwa tarukan a Washington suna da wani amfani ga manomin shinkafa a Argungu. Suna da shi, amma ba kai tsaye ba.

Tarukan sau biyu ne a shekara, Afrilu da Oktoba. Jawabin zaure ba shi ne aikin ba. Aikin yana ƙananan ɗakuna, inda ministan da gwamnan Babban Bankin Najeriya (CBN) ke zama da masu sayen takardun bashin gwamnati da kamfanonin auna cancantar bashi irin su Fitch da Moody's. Tambayarsu kusan ɗaya ce: in na shigo da dala, zan iya fitar da ita lokacin da na so? Shi ya sa Wale Edun, tun naɗa shi ministan kuɗi a Agustan 2023, ya riƙa kafa hujja da cire tallafin fetur da haɗe farashin canji. A Disambar 2024 Najeriya ta sayar da Eurobond, wato takardun bashi da ake sayarwa a kasuwannin waje, na dala biliyan 2.2, a 2025 kuma Fitch da Moody's suka ɗaga matsayinta na cancantar bashi.

Inda gizo ke saƙar shi ne, yawancin kuɗin da ke saurin shigowa na masu bin kuɗin ruwa ne, da ƙura ta tashi sai su fice. Mai kafa injin casar shinkafa a Kebbi ko haƙar zinare a Anka ta jihar Zamfara, wuta da hanya da tsaro yake dubawa. An ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a Disambar 2024, amma takardar izini ba ta korar ɗan bindiga daga daji.