Ki koya wa aku wurin kashi, amma kada ki koya masa riƙewa

'Yar'uwa, kin ce akunki yana ɓata miki kafaɗa da kujeru duk sanda kika fito da shi daga keji, kina tambaya ko ana iya koya masa wurin kashi. Ana iyawa, nawa ya koya, sai dai akwai sharaɗi.

Abinci ba ya daɗewa a cikin tsuntsu. Ƙananan aku kan yi kashi kusan kowane minti 10 zuwa 15, manya irin mai ruwan toka da jan bindi kuwa sukan kai minti 20 zuwa 30. Don haka a kwanakin farko ke ce za ki koyi lokacinsa. Ki zauna ki zuba masa ido. Kafin ya yi za ki ga ya ɗan ja da baya, ya durƙusa, ya ɗaga bindi. Nawa har ƙafa yake ɗan tattakawa, dama da hagu. Da kin ga alamar, ki ɗora shi a kan sanda guda da kika shimfiɗa takarda a ƙarƙashinta, ki faɗi kalma ɗaya, kullum ita. Yana sakewa ki yabe shi, ki miƙa masa ƙwayar abin da ya fi so nan take. In kika yi jinkiri ba zai gane ladan me aka ba shi ba. Ki kuma zaɓi kalmar da ba za ki ji kunya ba ranar da ya maimaita ta gaban baƙi, domin zai maimaita.

Da safe ya fi sauƙi. Yawancinsu ba sa yi cikin barci, suna tashi sai su saki mai yawa. Ki fara da wannan.

In ya yi a jikinki, ki goge ki yi shiru. Tsawa ko dai ta sa ya ji tsoron hannunki, ko ya ɗauke ta wasa ya ƙara.

Sharaɗin shi ne wannan, kuma shi ya fi damuna: akwai akun da ke kamuwa da horon har ya ƙi yi sai an ba shi umarni. Ki fita ki wuni, shi yana can yana riƙe. Kashi da fitsarin tsuntsu ƙofa ɗaya suke bi, yawan riƙewa da yunƙuri na iya sa duburarsa ta zazzago waje, wannan kuwa sai likitan dabbobi cikin gaggawa. Saboda haka a cikin keji ki bar shi ya yi yadda ya so, kada ki taɓa nuna masa laifi ne.

Tunda za ki riƙa duba takardar kullum, ki lura da kalar. Lafiyayyen kashi yana da kore ko ruwan ƙasa, da fari, da ɗan ruwa. In farin ya koma rawaya, ko kin ga jini, ko baƙi mai danƙo, ki kai shi a duba a ranar. Busasshen kashi kuma ki yayyafa masa ruwa kafin ki kankare, don ƙurarsa na iya ɗauke da cutar zazzaɓin aku mai kama mutane, sannan ki wanke hannu da sabulu.