Motar alfarma mai jan taya huɗu: in saya, ko in bar kuɗin cikin jari?

Wani ɗan kasuwa daga Kasuwar Dole a Damagaram ya aiko mana da wannan tambaya: "Assalamu alaikum. Ina sayen wake da riɗi a kasuwannin ƙauye na wajen Matamaye da Magarya, wani lokaci har Tanut, in kai Kano. Jarina miliyan 45 ne na sefa, yana juyawa kamar sau huɗu a shekara, kowane juyi ina samun ribar kashi 5 cikin ɗari. An nuna mini Audi A6 allroad ta hannu, mai shan gazuwal, a kan miliyan 14. Doguwa ce mai faffaɗan baya, irin wadda muke ce wa birek, kuma tana jan taya huɗu. Dillali ya ce duk inda kat-kat ke shiga za ta shiga. In saya?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Amsarmu ita ce kada ka sayi wannan motar don wannan aikin, kuma kada kuɗinta ya fito daga cikin jarin nan. Mota ce mai kyau, amma an ƙera ta don wata ƙasa da wata irin hanya.

Mu fara da maganar dillali, domin a nan ne aka fi ruɗar mutane. Jan taya huɗu iri biyu ne. Irin na Hilux da Prado da Land Cruiser yana da ƙaramar giya, wadda ake rubuta wa 4L, mai ba taya ƙarfi sosai tana juyawa a hankali, da ita ake fita daga rairayi mai zurfi ko a haura gaɓar ƙorama. Irin na Audi allroad da Volvo Cross Country da Mercedes All-Terrain galibi ba shi da wannan giyar. An yi shi ne don mota ta kama kwalta da kyau idan ruwa ko ƙanƙara sun sa santsi a Turai. A kan kwaltar Damagaram zuwa Maraɗi, ko hanyar Ɗan Barto zuwa Kano, za ka ji daɗinta ƙwarai. Amma ranar da ka sauka daga kwalta ka bi sawun manyan motocin da suka tone hanya, tudun rairayin da ke tsakiyar sawun shi zai tokare mata ciki. Mafi yawan irin waɗannan motocin tsayin cikinsu daga ƙasa santimita 15 zuwa 21 ne, ga dogon hanci ga dogon baya. Idan ciki ya zauna, tayoyin huɗu za su yi ta juyawa ne a banza. A rairayi kuma direba yakan rage iskar taya zuwa wajen bar 1.2 ko 1.5 don ta baje. Tayar da ke kan rim mai inci 19 ko 20 siririya ce, ba ta da gefen da za ta baje da shi, in ka rage mata iska rim ɗin ne zai ci dutse.

Abu na biyu, A6 allroad ba a kan sifirin na ƙarfe take zaune ba, a kan jakunkunan iska take, da wani ɗan inji mai hura su. Robar jakunkunan tana tsufa, zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 da ƙurar hunturu suna gaggauta tsagewarta. Da zarar ɗaya ta fara yoyo, injin hurawar zai riƙa aiki ba hutu har ya ƙone, sai gyaran abu ɗaya ya zama na biyu. Motar kuma ta durƙushe, ba ta tafiya mai nisa a haka.

Injin gazuwal ɗin ma yana da nasa. Motocin Turai na wajen 2010 zuwa yau suna da matatar hayaƙi a cikin salansa, na wajen 2015 zuwa yau kuma da yawansu suna buƙatar wani ruwa mai suna AdBlue. Matatar tana son gazuwal mai tsabta, da man inji na musamman marar toka da yawa, da doguwar tafiya da za ta ƙone abin da ya taru a cikinta. Man jarka na bakin hanya da yawon cikin gari daga Birni zuwa Zongo su ne ke toshe ta. In ta toshe, kwamfutar motar tana rage ƙarfin inji da kanta. In AdBlue ya ƙare, akwai waɗanda ba za su tashi ba sam.

Sai taya, wadda mutane ba su cika sa ta a lissafi ba. A mota mai jan huɗu kullum, dole tayoyin su zama girma ɗaya, iri ɗaya, cinyewarsu kusan ɗaya. Bambancin da ya wuce milimita 2 zuwa 3 a zurfin zane yana wahalar da na'urar da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya. Ke nan ƙarfe ɗaya da ya yaga maka taya a hanyar Magarya yana iya sa ka sayi biyu, ko ma huɗu. Kuma idan ta lalace a daji, ba a ɗaga gabanta a ja ta tayoyin baya na ƙasa, sai an ɗora ta gaba ɗaya a kan wata mota.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, wato kuɗi. Miliyan 14 cikin 45 ya kusa kashi ɗaya bisa uku na jarinka. Da lissafin da kai ka ba mu, miliyan 14 na kawo jaka 700 a kowane juyi, sau huɗu ya zama miliyan 2 da jaka 800 a shekara. Wannan ribar za ka daina ganinta daga ranar da ka karɓi makulli, kuma ba ta fitowa a kowane rasit, shi ya sa ake mantawa da ita. Mu ƙaddara bayan shekara uku ka sayar da motar miliyan 8, ka ga kowace shekara miliyan 2 sun narke. Wannan ma mun sassauta ne, domin a nan masu neman tsohuwar Audi ba su kai masu neman tsohuwar Toyota ba ko kusa. Gyara da taya da juyen mai, shawararmu ga duk mai irin wannan motar ita ce ya ware kashi ɗaya bisa goma na kuɗinta kowace shekara, miliyan 1 da jaka 400 ke nan. Mai kuma, a farashin da gwamnati ta sa a Yulin 2024 litar gazuwal sefa 618 ce. In kana yin kilomita 25,000 a shekara tana shan lita 9 a kowane kilomita 100, lita 2,250 ke nan, kusan miliyan 1 da jaka 400. Haɗa su duka: wajen miliyan 7 da jaka 600 a shekara, fiye da jaka 600 kowane wata, ba a sa inshora da binyat da albashin direba ba. Ribar jarinka gaba ɗaya a yanzu miliyan 9 ce a shekara. Ka ajiye waɗannan lambobi biyu kusa da juna ka dube su da kyau.

Ka lura, kuɗin gazuwal shi ne ƙaramin abu a cikin lissafin, alhali shi kaɗai masu saye ke tambaya.

Akwai kuma asarar da ba ta da lamba. Kasuwarka ta kaka ce, daga Oktoba zuwa Disamba ake cin ta. Idan Hilux ta lalace, da wuya ka rasa kayanta a garejin garin nan, in an rasa kuma Ƙofar Ruwa a Kano na nan, tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka. Jakar iskar Audi ko na'urar cikin giyarta, sau da yawa sai an aika Legas ko Dubai ko Turai, sannan a nemo makaniken da ke da kwamfutar da ke karanta ta. Mako uku motar na kwance a tsakiyar kaka, wasu sun riga ka zuwa kasuwar ƙauye sun kwashe wake tun yana araha.

Ba mu raina maganar mutunci ba. Ɗan kasuwa yana da haƙƙin hawa abin da ya dace da matsayinsa, kuma mutane suna duba abin hawanka kafin su ba ka kaya bashi. Sai dai a harkar hatsi, wanda ke biya nan take ya fi mai kyakkyawar mota daraja a idon manomi da dillalin kasuwa. Idan aikin ƙauye ne gaba, nemi Hilux mai ƙofa huɗu ta hannu, mai lafiyayyen inji: tana ɗaukar buhu, tana ɗaukar yaranka, kuma ranar da ka so sayarwa ba za ta daɗe ba. Idan kuma shiga rairayin kwana ashirin ko talatin ne a shekara, ƙaramar mota mai jan taya biyu don gari da kwalta ta ishe ka, ka ɗauki hayar kat-kat a ranakun kasuwa. Ko wacce ka zaɓa, kada ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na jari, kuma ya fi kyau ta fito daga ribar da ka tara, ba da bashi ba.

In Allah ya hore maka daga riba nan gaba, zuciyarka kuma na kan birek ɗin alfarma, to ka zaɓi mai shan fetur, mai zaune a kan ƙarfe, mai rim inci 17, mai cikakkiyar tayar safaya, domin da yawansu ɗan kwalin liƙi kawai suke zuwa da shi. Kafin ka ba da ko dala, ka nemo makaniken da zai riƙa duba ta, ka tambaye shi inda zai samo kayanta da kwana nawa suke yi. Shi zai jona mata kwamfuta, ba makaniken mai sayarwa ba. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 ta dace a jikin mota, a takardar duwan da kuma kart giris. Da lambar nan ake binciko tarihin motocin da suka fito daga Amurka, inda ake gwanjon waɗanda suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye. Ɗaga kafet ka shinshina, ka duba tsatsa a ƙusoshin da ke riƙe kujeru. A fili mai kwalta, murɗa sitiyari har ƙarshe ka zagaya a hankali hagu da dama: in tana tirjewa ko tana ƙara daga ƙasa, na'urar raba ƙarfi ta fara gajiya.

Ita kuwa wannan Audin, in kana son ka gani da idonka, ka roƙi a bar ta ta kwana a ƙofar gidanka. Da magariba ka auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke saman kowace taya, ka rubuta. Da asuba, kafin a tayar da inji, ka sake aunawa. In wani gefe ya sauka da santimita 2 ko fiye, jakar iskar wannan gefen tana yoyo, kuma gyaranta zai hau kan miliyan 14 ɗin tun watan farko.